Ƙurun da ya ƙi tashi da dama: yadda aka yi da shi a wata barga a Usfan

Dokin da masu shi

Bargar tana Usfan ne, arewa da Jidda kan tsohuwar hanyar Makka zuwa Madina, yankin da yanzu duk inda ka waiga ko istiraha ce, wato gidan shaƙatawa, ko isɗabal, wato bargar dawaki. Ba wata babba ba ce, ɗakunan dawaki 9 ne da maidan, wato filin hawa, ɗaya mai yashi, faɗi mita 20 tsawo 40, sai wani ɗan zagayayyen fili da bai wuce mita 10 daga gefe zuwa gefe ba. Mai wurin wani Alhaji ne Bahaushe haifaffen Makka, ɗan kasuwa ne, dawakin sha'awa ce kawai. Mai kula da su kuma dattijo ne ɗan Mai Wurno ta Sudan, garin nan na bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar wanda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Kowa Baba yake ce masa har shi Alhajin. Tun yana yaro yake tare da dawakin jan amalanke, daga baya ya yi aikin dawakin tsere a Khartum kafin ya haye Saudiyya. Ni dai ina leƙa su ƙarshen mako, kuma tunda wayata ta fi tasu kyamara sai ɗaukar bidiyo ya faɗo kaina.

A watan Satumba 2023 Alhaji ya sayo ƙurun saboda ɗansa mai shekara 11. Baƙi ne, an riga an fiɗiye shi, tsayinsa santimita 128 a doron kafaɗa, wato yana can ƙasa da 148 ɗin da hukumar wasannin dawaki ta duniya ta sa a matsayin iyakar ƙuru. Ba shi da takarda, dillalin ya ce akwai jinin ƙurun Welsh na Birtaniya a jikinsa, Allahu a'alamu. Baba ya buɗe bakinsa ya ce shekara 4 ce bai kai da rabi ba, don haƙoran gaba na gefe har lokacin na nono ne, su kuma sai wajen 4 da rabi suke faɗuwa. Da aka zagaya masa tef ɗin awo ya nuna kilo 290, ya yi ƙiba sosai, ga wuya ya yi tozo.

Tarihinsa gajere ne. Kusan shekara guda wanda ya sayar da shi yana ɗora masa yara ne a wurin shaƙatawa, a ja shi da hannu a zagaya ɗan fili a dawo, a sauke wannan a ɗora wancan. Mai ja a hagu yake tsayawa kamar yadda kowa ke yi, zagayen ma ta hagu ne kullum safe da yamma. Babu wanda ya taɓa neman ya yi ƙaramar sukuwa da mutum a bayansa.

Oktoba 2023: matsalar ta fito

Akwai kaftin, wato mai koyar da hawa, da ke zuwa sau biyu a mako yana koya wa yaron hawa. Tafiya lafiya, sassarfa lafiya, a tsakiyar Oktoba aka fara ƙaramar sukuwa, wadda su a nan suke ce wa kantar. In ana zagayawa ta hagu babu wata magana, yana jin ƙafa zai tashi sumul. Ana juyawa ta dama sai ya sake tashi da hagun nan dai.

Ga wanda bai saba ba, ƙaramar sukuwa bugu uku ce. In doki zai tashi da dama, ƙafar baya ta hagu ce ke fara sauka ita kaɗai, sai ta baya ta dama da ta gaba ta hagu su sauka tare, sannan ta gaba ta dama ta miƙe ta sauka a ƙarshe, daga nan duk huɗun su bar ƙasa na ɗan ƙiftawar ido a sake daga farko. Ido ƙafar gaban nan yake gani tana miƙewa shi ya sa ake cewa ita ke jagora, amma wadda ta fara aikin tana can baya ta ɗaya gefen. A miƙaƙƙiyar hanya duk wadda doki ya ɗauka babu laifi. A kwana ne abin ke bayyana, in yana karya kwana ta dama alhali da hagu ya tashi zai karkace, kai ya leƙa waje, kafaɗa ta faɗo ciki, mahayi ya riƙa jin ana wurga shi gefe.

Haka ɗin ce ta faru. Ƙarshen Oktoba yaron ya zame ya faɗi a kusurwar da ke kusa da ƙofa, bai ji ciwo ba sai ƙujewa a gwiwar hannu, amma tsoro ya shige shi. Shi kuma Alhaji burinsa yaron ya shiga gasar tsallake ta yara, wadda ba ta yiwuwa da doki mai gefe ɗaya. Ranar da na fara ɗauka, an nemi dama sau 10 ya bayar sau 1, ita ma ɗin tuntuɓe ya yi ya faɗa cikinta.

Nuwamba: abubuwan da aka gwada

Kaftin ya ce taurin kai ne, ƙuru dama an san su da wayo, in ka bar shi ya ci nasara sau ɗaya shikenan ya raina ka. Toh sai aka fara da maimaitawa: ya tashi da hagu, a dawo da shi sassarfa, a sake nema da bulala a kafaɗa. Mako na farko babu canji. Mako na biyu sabon hali ya shigo, da ya ji an doshi kwana sai ya ƙara gudun sassarfa yana dukan ƙasa da sauri da sauri, kunnuwa a kwance, wani lokacin ya harba ƙafa ɗaya.

Daga nan aka ce yaron ya ja kan dokin sosai zuwa dama, shi ma ya karkata jikinsa ciki wai don ya nuna masa hanya. Kan ya juyo dama ɗin kuwa, amma ƙafa ba ta bi ba. Aka canza linzami aka sa mai sarƙa a ƙarƙashin haɓa. Cikin kwanaki dokin ya fara fizgar kai sama, gefen bakinsa na dama ya yi ja, in an zo sa masa linzami sai ya danne haƙora.

Na ƙarshe shi ne ƙaramin zagayayyen filin nan. Aka sake shi ciki babu mahayi aka kore shi ta dama da doguwar bulala, hujjar ita ce filin ya yi ƙanƙanta, dole in yana so ya tsaya da ƙafafunsa ya ɗauki dama. A rana ta uku kaftin ya ɗaga hannu ya ce halas, ga ta nan, kuma gaskiya ƙafar gaba ta dama ce ke miƙewa kowa ya gani. Baba dai bai tanka ba sai da aka watse, ya ce in rage gudun bidiyon in nuna wa Alhaji.

"Alhaji, bar kallon gaba, dubi ƙafafun baya."

Gaba yana dama, baya yana hagu. Dokin ya raba kansa biyu ne, yana gudu a harɗe, ƙugu na murɗawa kowane taku. Wannan ya fi tashi da hagun muni don yana wahalar da gadon baya, kuma in ya zama jiki cire shi aiki ne. Alhaji ya ce a dakata da sukuwar gaba ɗaya, a kira likita.

Farkon Disamba: likita da mai gyaran kofato

Likitan dabbobin ya sa an yi sassarfa da shi a kan siminti gaba da baya, ya lanƙwasa kowace ƙafa ya riƙe kusan minti ɗaya sannan a sake gudu da shi, babu ɗingishi. Ya latsa gadon baya, ɗan tsami kaɗan a bayan inda sirdi ke ƙarewa. A baki ne aka samu kaya. Turamen sama sun yi kaifi ta gefen kunci har sun yanka cikin kuncin dama, akwai ragowar haƙorin nono da ya maƙale a kan sabon turmi bai faɗi ba, sannan ga wani ɗan mitsitsin haƙori a sama ta dama daidai gaban turmin farko, inda ƙarfen linzami ke bugawa in an ja. Ya goge kaifin, ya cire biyun, ya ce mako biyu kada ƙarfe ya shiga bakin nan.

Sai abu na biyu, wanda Baba ya ce ya daɗe yana lura da shi da safe. In aka fito da dokin daga ɗaki, taku biyu uku na farko ƙafar baya ta hagu tana ɗan sarƙewa a gaɓar sama, wadda ke kusa da ciki, kafin ta saki. Likitan ya ce ƙoƙon gwiwar ne ke ɗan maƙalewa, ana yawan ganinsa a ƙananan dawaki matasa waɗanda naman cinyarsu bai yi ƙarfi ba, kuma maganinsa ba hutu ba ne, aiki ne, musamman hawa tudu da tafiya miƙe. Ya tsaya a bayansa ya nuna mana, cinyar hagu ta fi ta dama ramewa, ko ni na gani da aka nuna min.

Mai kofato ya zo washegari ya ce kofatan baya sun yi tsawo ta gaba, ya rage, aka sa shi zuwa duk mako 6. Sirdin ma an canza, na da ya yi masa tsawo yana hawa kan ƙugu. Abinci kuwa an cire sha'ir kwatakwata, an rage ciyawar barsim, aka koma busasshiyar ciyawar rodas, don ƙuru mai ƙiba irin wannan yana dab da ciwon kofaton nan da ke hana doki taka ƙasa.

Bayan mako biyun aka mayar masa da linzami mai sauƙi, fizgar kai ta tafi kamar ba a taɓa yi ba. Alhaji ya matsu a gwada, aka gwada sau 4 ta dama. Hagu, hagu, hagu, hagu. Ransa bai yi daɗi ba wallahi, ya ɗauka an cire haƙori an cire matsala.

Tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu: babu sukuwa ko ɗaya

A nan ne Baba ya roƙi a bar masa dokin wata guda, da sharaɗin ba wanda zai sa shi sukuwa, ta dama ko ta hagu. Kaftin ya ci gaba da koyar da yaron a kan wata tsohuwar goɗiya.

Bayan sallar asuba yake fita da shi, lokacin iskar hunturu na da daɗi. Abu na farko da ya canza shi ne gefen da ake jansa, ya koma tsayawa a dama. Za ka ɗauka wasa ne amma kwanakin farko dokin bai ma san yadda zai yi tafiya ba, sai ya riƙa ture Baba da kafaɗa yana neman zagayowa ya mayar da shi hagu. Akwai tudun baƙaƙen duwatsu a bayan bargar mai hanyar mota a jikinsa, nan suke hawa su sauko a tafiya, minti 20 da farko daga baya 30. In sun dawo sai ja da baya taku 4 ko 5 a miƙe, da matsawa gefe in an taɓa haƙarƙari da yatsa, dama da hagu.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na dabino. Baba zai tsaya jikin kafaɗar dokin da ƙwaya ɗaya da ya cire wa ƙwallo, ya kai ta wajen kwiɓi, dokin ya lanƙwaso wuya ya ɗauka ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Ta hagu tun ranar farko leɓensa ke kaiwa har kwiɓi. Ta dama kuwa yana zuwa daidai inda majayi ke zama sai ya tsaya, wuya na rawa, ya karkatar da kai yana miƙo leɓe, in ya ga ba zai kai ba sai ya matsar da ƙugu gaba ɗaya ya juyo. Baba ya ce naman gefen hagun ne ya gajarce saboda shekara guda yana lanƙwashe ta can, lanƙwasawa dama kuma sai hagun ya miƙe. Da Alhaji ya sake kawo maganar taurin kai, cewa ya yi:

"Alhaji, in aka ce yau ka ci tuwo da hagu kuma kada ka ɓata riga, ƙin yi za ka yi ko kasawa?"

Daga mako na biyu aka ƙara itatuwa 4 a kwance a ƙasa, tazarar mita 1 da santimita 10 tsakaninsu, yana ƙetarawa a sassarfa. Sai zagaye da doguwar igiya, amma ba a ƙaramin filin ba, a babban maidan, da'irar ta kai mita 18 zuwa 20, Baba yana takawa tare da shi don kada ta matse. Tafiya, sassarfa, tafiya, tsaya, sassarfa, yawancin aikin canjin taku ne ba yawan zagaye ba, kuma duka bai wuce minti 15 ba. Ta dama in ya faɗo ciki sai Baba ya nuna masa bakin bulala daidai kafaɗa ya koma waje. Zuwa mako na huɗu sarƙewar safen nan ta daina bayyana, dabinon dama kuma ya kai ƙarshen haƙarƙari.

Tsakiyar Janairu 2024: itace a kusurwa

Ranar da aka dawo da sukuwa, Baba ya ɗauki itace ɗaya ya ajiye a bakin kusurwar da in an fito daga cikinta ake fuskantar ƙofa, ya ɗora shi kan bulo ya ɗaga kamar santimita 15. Ya zaɓi wurin ne da gangan, doki ya fi son yin gaba in ya doshi gida. Dokin na kan igiya ta dama, sassarfa a natse, yana zuwa kan itacen Baba ya yi masa tsotsar leɓe sau ɗaya. Ya ɗan yi tsalle ya sauka da dama, gaba da baya duka. Taku 5 ko 6 kawai aka bari ya yi, aka dawo da shi tafiya, aka ba shi dabino. Da ya yi sau 3 mai kyau aka mayar da shi ɗaki, ko minti 10 ba a yi ba, har Alhaji na tambaya wai shikenan?

Dalilin itacen shi ne yana katse bugu biyun sassarfa, dokin ya ɗaga gaba, nauyi ya koma baya na ɗan lokaci, a kwana kuma abin da ya fi sauƙi shi ne ya sauka da ƙafar ciki. Ba kullum ya ci ba, ranar da aka zo itacen da gudu ya tsallake ya sauka da hagunsa. Amma cikin mako guda a kan igiya ya fi ba da dama fiye da hagu, kuma harɗewar nan ta Nuwamba sau biyu kawai na kama ta a bidiyo.

Saura mahayi. Yaron bai ƙware ba, kaftin kuma ya yi wa dokin nauyi, abin da aka saba bi shi ne mahayi da sirdi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki. Sai Baba ya samo wani matashi ɗan garinsu mai kilo 46 da ke motsa dawakin tsere a wata barga kusa. Wannan canjin ƙafa abincinsa ne, don filin tsere na Sarki Abdul'aziz da ke Riyad ta hagu ake zagaya shi, doki na shan kwana da hagu in ya fito miƙaƙƙiya a juya shi dama don ƙafar da ta gaji ta huta.

Yadda yake yi, zai zauna daram a sassarfa ba ya tashi, ya yi da'irar mita 15 ta dama, sai ya riƙa tura dokin waje da ƙafarsa ta dama har da'irar ta buɗe zuwa 20, wato dokin ya ɗauke nauyi daga kafaɗar dama ya mayar kan gefen hagu. Daidai shiga kwana sai ƙafar dama ta tsaya a kan majayi, ta hagu ta koma baya kamar faɗin tafin hannu ta taɓa, kamazurun hagu a riƙe, na dama sakwasakwa, ido a sama. In dokin ya ɗauki hagu babu duka babu tsawa, a dawo sassarfa, a jira ta natsu ko da za a yi zagaye guda, a sake.

Sun ɗan yi saɓani da Baba a kan abu ɗaya. Kwanakin farko matashin yana ɗan karkatar da hancin dokin waje, zuwa hagu, lokacin tashi, ya ce hakan ke buɗe wa kafaɗar dama hanya, kuma yana ci. Baba ya ce yana ci amma in ya saba, yaron zai gaji doki mai shan kwana yana kallon waje. Suka daidaita a kan mako ɗaya, bayan nan hanci ya dawo miƙe, daga baya ya ɗan leƙa ciki. Farkon Fabrairu an cire itacen, yana ba da dama 7 cikin 10.

Fabrairu: yaron ya koma kai, abu ya koma baya

Ranar farko da yaron ya hau, 2 cikin 10. Doki ɗaya, kusurwa ɗaya, jiya jiya yana yi. Muka zauna da bidiyon a ƙarƙashin rumfa, abin a fili yake: yana dosar kwana sai ya sunkuyar da kai yana leƙen kafaɗar dama don ya ga wace ƙafa za ta fito, jikinsa ya biyo kan, hannun dama ya ja ƙasa, ƙafar hagu kuma ba ta koma baya ba sam. Duk nauyinsa ya tara a kan kafaɗar da ake so ta ɗaga. Ba laifinsa ba ne, abin da aka koya masa a Nuwamba ke nan, ga tsoron faɗuwa. Baba kuma ya cire igiyoyin likkafa ya jera su, ta hagu ta fi ta dama tsawo da kusan rami guda, ta miƙe ne saboda ta nan ake hawa kullum. Aka musanya su.

Aka mayar da yaron kan igiya, Baba na riƙe da dokin, shi kuma babu kamazuru a hannunsa, hannun dama a kan hula. Akwai tankin ruwa a saman ɗakin masu gadi, nan aka ce ya kafa ido.

"Ɗana, kada ka duba. Ka ji da mazauninka ka faɗa min, dama ko hagu?"

"Baba ban sani ba."

"Faɗi ko wacce, in ka yi kuskure ba a biyan tara."

Da farko caca yake yi, bayan 'yan kwanaki ya fara gane cewa in dama ce ƙugunsa na dama ne ke yin gaba. Daga nan aka ba shi kamazuru.

Ana cikin haka hutun Ranar Kafuwar Saudiyya ya zo, 22 ga Fabrairu, dangi suka cika istirahar, yara suka yi ta karɓa karɓa da dokin tun la'asar har magariba, kowa na kora shi yadda ya ga dama, shi kuma ya koma wa hagunsa da ya sani. Makon da ya biyo baya ko matashin sai da ya sha wuya, gudun sassarfar nan ya dawo. Baba bai yi faɗa ba, ya ba shi kwana biyu na tudu kawai, ya mayar da itacen kusurwa na mako guda. Alhaji da kansa ya kafa doka cewa baƙi goɗiya za su riƙa hawa.

Ramadan zuwa ƙaramar Sallah

Azumi ya kama 11 ga Maris, aiki ya koma bayan tarawihi a ƙarƙashin fitila, sau 4 a mako, gajere gajere. Kafin Sallah, 10 ga Afrilu, yaron na samun dama 8 wani lokacin 9 cikin 10 ba tare da itace ba, dokin na riƙe ta ya zagaye maidan gaba ɗaya bai karya ba, harɗewa babu. Tef ya nuna kilo 265. Abin da ya rage: in an fita fili tare da wasu dawaki hagu yake ɗauka ko me aka ce masa, haka in ya gaji wajen ƙarshen darasi, kuma tashi da dama kai tsaye daga tafiya ba tare da sassarfa ba bai samu ba tukuna.

Me ya yi aiki, kuma don me

Kowa da nasa. Alhaji likita yake yaba wa, matashin ya ce itacen ne, Baba ya ce tudu. Ni a ganina gyaran baki cire ƙaya ya yi, bai koya wa dokin komai ba, shaida ita ce hagu huɗun nan na Disamba, amma da ba a yi shi ba duk taɓa kamazurun dama zai ci gaba da zama ciwo kuma babu natsuwar da za a gina wani abu a kai. Itacen ma da an sa shi a Nuwamba ina jin harɗewa zai ƙara, don ƙafar da za ta tura ba ta da ƙarfin yi. Watan nan da ba a yi sukuwa ko ɗaya ba shi ne ya ɗauki kaso mafi girma, ya ƙarfafa ƙafar baya ta hagu wadda ita ke fara tashin dama, ya saki gefen da ya ɗaure, ya kuma ba dokin lokaci ya manta cewa kwanar dama wurin bulala ce.

Kaftin bai yi wani baƙon abu ba, dawo da doki a sake nema shi ne abin da kowa ke yi kuma yana ci a kan dokin da zai iya amma bai gane ba. Inda ya kauce shi ne jan kai da karkata ciki, waɗannan biyun suna danne kafaɗar dama ne su bar ta hagu a sake, wato ana roƙon dama da baki ana ba da umarnin hagu da jiki. Ƙaramin filin kuma gyaran gangar auzinawa ne, da'irar mita 10 ta fi ƙarfin matashin doki mai ƙiba, dole ya nemi hanyar tsira. Sannan raba aikin biyu ya taimaka ƙwarai, doki ya koya a ƙarƙashin wanda ya iya, yaro ya koya a kan igiya, sai aka haɗa su daga baya. Da an bar su suna koya wa juna, kowanne zai riƙa ɓata wa ɗayan.

Bayan ƙaramar Sallar 2024 maganar da ke tsakaninsu ita ce gasa. Alhaji na so a shiga da zarar zafi ya sauka. Baba ya ce ƙashin bayan doki sai wajen shekara 6 yake gama ƙosawa, don haka a shekarar tsallake kada ya wuce santimita 50, kuma sau ɗaya a mako. Sun tsaya a kan cewa watannin zafi tudu ne da asuba da itatuwa a ƙasa, matashin ya riƙa zuwa duk Asabar yana aikin tashi daga tafiya, a watan Oktoba likita ya dawo ya duba haƙoran gefen da suka rage sannan a yanke.